Bawul ɗin zuciyar Baba ya tsuke: mu kai shi maganin Ayurveda a Kerala ko a yi masa aiki?

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka taɓa kai majinyaci Indiya. Mahaifinmu shekararsa 72. Tun bayan babbar salla ya fara haki, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga, mu kuwa muna ta cewa tsufa ne. Sati uku da suka wuce ya ɗauki rabin buhun dusa zai kai wa tumakinsa, bai kai garken ba ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kawo ruwa ya farfaɗo, har yana yi wa yara faɗan sun tara masa jama'a.

An yi hoton zuciya da ake kira eko. Likita ya ce bawul ɗin da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa babbar jijiya ya tsuke, faɗinsa 0.7, kuma sai an sauya shi. Baba ya ce shi dai ba wanda zai tsaga masa ƙirji kamar rago. To akwai wani dillalin asibitoci da aka haɗa mu da shi, ya turo min bidiyon wata cibiyar Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, a jihar Kerala. Ya ce kwana 28 ne, za a ba shi sassaƙen wata bishiya arjuna, a yi masa wankin ciki da tausa da turare, abin da ya toshe bawul ɗin ya narke ba wuƙa ba allura. Kuɗin bai kai rabin na aiki ba. Baba ya ji ya ce wannan yake so. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni na je Kerala da maigidana bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, mun yi wata guda. Gaskiya ba zan kushe su ba. Wuri tsaf, abinci a kan ƙa'ida, tausar nan da mai mai ɗumi ta sassauta masa kafaɗa sosai, ya dawo yana barci kamar jariri. Amma ga abin da na gani da idona: a ɗakin da ke kusa da namu an kawo wani dattijo Balarabe mai ciwon zuciya, likitar wurin ta duba takardunsa ta ce ba za ta taɓa shi ba, su kai shi babban asibiti a Kochi. 'Ya'yansa suka yi ta roƙo, ta ƙi. Don haka ka bincika, da bakin likitan cibiyar aka ce za a narkar da abin, ko da bakin dillali?

Abban Sadiƙ:
Hajiya, da bakin dillali ne. Ban yi magana da kowa a can ba tukuna.

Nura na Bangalo:
Yaya, shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a nan Indiya, bari in faɗi abin da na sani. Ayurveda ba bokanci ba ne a wurin Indiyawa. Gwamnati ta buɗe musu ma'aikata guda mai suna AYUSH a 2014, kuma likitansu sai ya yi digiri na shekara biyar da rabi da suke kira BAMS. Suna da tsofaffin littattafai irin su Charaka Samhita da Sushruta Samhita, kuma a cikinsu akwai babin ciwon zuciya, suna ce masa hridroga. A fahimtarsu jiki na tafiya ne kan abu uku, vata da pitta da kapha, cuta kuma rikicewar ma'auninsu ce, kusan yadda tsofaffinmu ke cewa sanyi ne ko zafi ko majina. Arjuna kuwa ita ce sarauniyar maganin zuciya a wurinsu. Ana dafa garin ɓawonta da madara a sha, ko a yi tsiminta.

Amma ka lura da abu ɗaya. Waɗanda suka rubuta littattafan nan ba su da na'urar eko. Haki, ciwon ƙirji, bugun zuciya, duk a kwando ɗaya suka zuba su. Wanda hakinsa na damuwa ne da wanda bawul ɗinsa ya zama dutse duk mai hridroga ne. Sannan akwai doka a Indiya tun 1954 da ta hana tallata cewa wani magani na warkar da ciwon zuciya. A 2024 ma Kotun Ƙolin ƙasar ta sa shugabannin kamfanin Patanjali sun fito sun ba da haƙuri a jaridu kan tallace-tallace masu yaudara. Su kansu 'yan ƙasar, attajirinsu in bawul ya tsuke, asibitin tiyata yake nufa.

Malam Sani Mai Sassaƙe:
Ni dai abin da ke ba ni haushi, da an ambaci itace sai 'yan boko su fara tsaki. Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Arjunar nan da kuke ji 'yar uwar baushe ce da muke da shi a dajinmu, dangi ɗaya ne. Guggulu ɗinsu kuma ƙaron wata bishiya ce 'yar uwar dashi. Shekarata 26 ina wannan sana'a, na gada wurin mahaifina, na ga mutanen da asibiti ya sallama sun tashi. Me zai hana a gwada na kwana 28 ɗin? In bai yi ba a yi aikin. Ai wuƙa ba ta gudu.

Dakta Bilki:
Salamu alaikum. Abban Sadiƙ, sannu da jinya. A sashen zuciya nake aiki, zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Malam Sani, ranka ya daɗe, ba ni cikin masu tsaki. Maganin hawan jini na farko-farko da duniya ta samu, risafin, daga saiwar sarpagandha ta Indiya aka ciro shi a 1952, bayan wani likitan Mumbai, Rustom Jal Vakil, ya wallafa aikinsa a kanta a 1949. Ita ma arjuna an yi ƙananan gwaje-gwaje da ita a kan masu ciwon ƙirji na toshewar jijiyoyin zuciya da masu raunin zuciya, wasu sun ji sauƙi. Ba wanda ke musun itace na aiki. Tambayar ita ce, aiki a kan me?

Bawul ɗin nan ƙofa ce mai ganye uku, sirara kamar fatar albasa. Duk bugun zuciya sai ta buɗe jini ya wuce zuwa ƙwaƙwalwa da sauran jiki, ta rufe kada ya dawo. A lafiyayyen babba faɗin buɗewarta santimita murabba'i 3 zuwa 4 ne. In ya gaza 1 mun ce ya yi tsanani. Na Baba 0.7. Ku ƙaddara ƙofar zaure ce da aka saba shigo da amalanke, yanzu sai akuya ke iya ratsawa, kuma duk kayan gidan ta nan za su bi. A masu shekaru irin nasa, abin da ke faruwa kalsiyam ne ke taruwa a jikin ganyayen har su ƙandare. Na taɓa riƙe wanda aka ciro a tiyata: in ka ƙwanƙwasa shi da almakashi ƙara yake yi kamar tsakuwa, wani wurin ma ya koma ƙashi sosai.

Mu ma na asibiti mun so a ce ƙwaya na narkar da shi. An ɗora buri a kan magungunan rage kitsen jini, aka yi manyan gwaje-gwaje, ɗaya mai suna SEAS a 2008, wani ASTRONOMER a 2010. Kitsen jini ya sauka, bawul ya ci gaba da tsukewa abinsa. Har yau ba ƙwaya, ba allura, ba sassaƙe da aka nuna yana buɗe shi. Ba na Bature, ba na Ba'indiye, ba namu.

Sai maganar "wuƙa ba ta gudu". Wuƙa ba ta gudu, Malam, mai ciwon ne ke tafiya. Mutum kan yi shekaru da wannan cuta bai sani ba. Amma daga ranar da alamu suka bayyana lissafi ya canza. Tun 1968 wasu likitoci biyu, Ross da Braunwald, suka nuna cewa in ba a yi aiki ba, matsakaicin abin da ake ƙarawa bayan fara ciwon ƙirji kamar shekara 5 ne, bayan fara suma 3, bayan zuciya ta fara gazawa 2. Rai na hannun Allah, amma Baba ya riga ya suma, kuma yana haki.

Malam Sani Mai Sassaƙe:
Na ji bayaninki Dakta, kuma na gode da ba ki raina mu ba. Amma kwana 28 fa aka ce, ba shekara ba. Ko bai buɗe ƙofar ba ai zai ƙara masa ƙarfin jiki kafin aikin.

Dakta Bilki:
Da shan arjuna da madara ne kaɗai, da ban ɗaga murya ba. Abin da ya tsorata ni shi ne wankin ciki da turaren. A tsarinsu na panchakarma akwai sa mutum gudawa da gangan, akwai sa amai, akwai ɗura ta dubura, kuma kafin nan a zaunar da shi cikin akwatin tururi ya yi gumi. Zuciyar da ke tura jini ta ƙaramar kafa ta yi kauri ta yi tauri, ba ta aiki sai ta cika taf. Ka zuƙe wa mutumin ruwan jiki da gudawa, ka buɗe masa jijiyoyi da zafi, jininsa zai faɗi, zuciyar kuma ba ta da hanyar ƙaro abin da take turawa. Nan ne ake faɗuwa a banɗaki ba a tashi. Mu kanmu a asibiti da taka-tsantsan muke ba irinsu maganin fitsari da na ƙarƙashin harshe. In kuma aka haɗa masa da sarpagandha, jini ya ƙara sauka. Ina ganin abin da likitar da Hajiya ta ba da labari ta hango ke nan.

Abban Sadiƙ, tun yau: kada ya ɗauki kaya, kada ya hau bene da sauri, kada a bar shi da ƙishirwa, kada a ba shi wani maganin basir mai sa gudawa. In ya sake suma, ko numfashi ya hana shi kwanciya, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Ɗan Gusau:
Bari in ƙara da abin da ya shafe mu. Akwai reshen Ayurveda da ke sa ƙarafa a magani da gangan, zaiba da farar wuta da tokar tagulla, suna cewa sun tsarkake su da wuta. Wata ƙwayar zuciya da suke kira hridayarnava rasa da su ake haɗa ta. A 2004 wasu masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi irin waɗannan magunguna guda 70 a shaguna, suka samu dalma ko zaiba ko arsanik a cikin 14. Mu da muka binne yara sama da 400 a Zamfara saboda gubar dalma a 2010, ba sai an yi mana dogon wa'azi ba. Duk kwalbar da ka ga an rubuta rasa ko bhasma a jikinta, ka tambayi abin da ke ciki kafin ta shiga bakin tsoho mai tsohuwar ƙoda.

Ustaz Kabiru:
Tambaya gare ka Nura. Na ji ka ce ana tsiminta. Tsimin nan yana bugarwa?

Nura na Bangalo:
Allah Ya gafarta Malam, arjunarishta sunansa. Ana dafa ɓawon da zabibi da furen wata bishiya, a zuba mazarƙwaila, a rufe a tulu kusan wata guda har ya tsimu. Barasa na fitowa a ciki da kanta, kuma ana rubuta adadinta a jikin kwalbar. Cokali kaɗan ake sha a gauraya da ruwa, amma akwai ta. Garin ɓawon da ƙwayar ba su da ita.

Ustaz Kabiru:
To ka ga ni. Mutum ya guji asibiti don tsoron bawul ɗin alade, ya je ya sha tsimi mai barasa bai sani ba. Malamai sun yi maganar lalura a duka biyun, amma lalura sai in babu halastaccen madadi, kuma sai amintaccen likita ya ce abin na da amfani. Dakta, gaskiya ne duk bawul ɗin da ake sakawa na alade ne?

Dakta Bilki:
A'a Malam. Akwai na ƙarfe, akwai na dabba. Na dabbar wani daga alade, wani daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya, kuma majinyaci na da damar ya ce na saniya yake so. Na ƙarfe ya fi daɗewa, amma sai an sha maganin tsinka jini, warfarin, har ƙarshen rayuwa. Na dabba kan yi shekara 10 zuwa 15, ba ya bukatar haka, shi ya sa aka fi sa wa dattijai.

Kuma Abban Sadiƙ, ban ji ka ambaci wannan ba: ba dole sai an tsaga ƙirji ba. Akwai hanyar da ake kira TAVI. Ta jijiyar matsematsin cinya ake zura siririn bututu ɗauke da sabon bawul a naɗe, a kai shi cikin tsohon a buɗe shi kamar lema. Alain Cribier ne ya fara yin ta a birnin Rouen na Faransa a 2002, yanzu kuwa Indiya ma na ƙera nata, Myval, a jihar Gujarat. Mutane kan tashi su taka washegari. Tana da nata haɗarin, wasu kan bukaci batirin zuciya bayanta, akwai yiwuwar shanyewar jiki, kuma ta fi aikin tsagawa tsada. Sai an yi hoton siti (CT scan) an ga ko jijiyoyinsa za su ɗauka.

Abban Sadiƙ:
Wallahi Dakta likitan ya faɗi wani abu kamar haka, amma daga jin kalmar aiki Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa, ni ma kaina ya ɗaure ban tsaya na fahimta ba.

Zainabu 'Yar Damagaram:
Ni mai bawul ɗin ƙarfe ce, shekara tara ke nan, in dare ya yi tsit mijina na jin ƙarar sa kamar agogo. Nawa ba na tsufa ba ne. Ciwon maƙogwaro na yi ta yi ina yarinya, aka kai ni wurin wanzami ya cire min beli, ciwon gaɓoɓi ya biyo baya aka ce sanyi ne. Ashe zuciyar ake ci. Ina da shekara 24 na kasa share ɗaki. A cibiyar Salam ta Khartum aka yi min aiki kyauta, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Kafin in je can na sha jiƙo iri-iri har shekara biyu. Kowane sabon magani sai in ji kamar na samu sauƙi sati guda, saboda ina so in ji hakan, kuma saboda na daina aikin da ke sa ni haki. Da aka sake hoto sai ga zuciyar ta ƙara kumbura. Baba ma in ya je Kerala ya kwanta wata guda ana masa tausa, ba masallaci, ba tumaki, ba buhu, dole ya ce ya warke. Ranar da ya dawo ya ɗauki buta da sauri za a gane.

Sannan bayan aiki ma a yi hattara. Wata ƙawata ta kawo min shayin Indiya na gyaran jini, citta da kurkur da tafarnuwa da wasu abubuwa, na sha sati biyu. Na wayi gari dasashina na zubar da jini, cinyata duk shaci baƙi-baƙi. Awon tsinkewar jinin da ake min duk wata saboda warfarin ɗin da nake sha ya haura sosai. Tun daga nan ko ganyen shayi aka ba ni sai na tambaya.

Dakta Bilki:
Zainabu, Allah Ya ƙara lafiya. Irin naki ne ya fi yawa a wajenmu, kuma shi ne abin takaici, don fenisilin na 'yan kuɗi kaɗan a lokacin ciwon maƙogwaron zai iya hana shi. Iyaye, yaro ya yi zazzaɓi da ciwon wuya, asibiti, ba aska ba.

Alhaji Mai Waraka:
Ina da haɗin Indiya original mai wanke jijiyoyin zuciya cikin kwana 14, an gwada an tabbatar. Mai bukata ya same ni ta akwati.

Shugaban zaure:
Alhaji, dokar zaure ta hana talla. Na goge lambar, in ka sake zan fitar da kai.

Malam Sani Mai Sassaƙe:
Ka ga irinsu ne ke ɓata mana suna. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa akwai abin da itace ke yi wanda na'urarku ba ta gani. Amma mahaifina ma in aka kawo masa mai ƙaba da ta murɗe ba ya jiƙa komai, mota yake nema. In abin ya zama dutse kamar yadda Dakta ta riƙe da hannunta, to ba ni da ta cewa. A yi aikin, in ya warware a ba shi arjunar da madara ya ji daɗin ransa.

Dakta Bilki:
Wannan kam sai mu zauna mu duba, Malam, in dai likitansa ya san me ke cikin kofin, kuma ba ya kan maganin tsinka jini.

Abban Sadiƙ:
Jama'a na dawo, kwana biyar ban leƙo ba. Na bi shawarar Hajiya na ce wa dillalin ya haɗa ni da likitan cibiyar, kuma ya turo min hoton eko na mutum ɗaya tak, kafin magani da bayan magani, inda faɗin bawul ya ƙaru. Ya turo min bidiyon wani mutum yana murmushi yana ɗaga hannu. Na sake tambaya, ya ce in na biya kafin alƙalami kafin Juma'a za a rage min. Sai Nura, Allah Ya saka masa, ya nemo lambar cibiyar ya kira su da kansa. Likitan da ya ɗauka ya ce su ba sa karɓar mai irin wannan awon, kuma ba su taɓa cewa suna buɗe bawul ba.

Jiya bayan isha na zauna da Baba na karanta masa abin da Dakta da Zainabu suka rubuta. Ya yi shiru yana jan carbi. Da na zo kan maganar ta cinya ake bi, kuma na saniya ne, sai ya ce, "Saniyar an yanka ta ko mushe ce?" Na ce zan tambayi Ustaz. Ya ce to, in dai ba za a buɗe shi ba, a je a ji. Bai ce ya yarda ba, kun san tsofaffi, amma ya sa an sayar da raguna biyu daga cikin tumakin, kuma ya bar wa jikoki ɗaukar dusa.

Mun koma asibiti yau. An rubuta hoton siti da awon ƙoda ranar Alhamis, sannan an ce sai likitan haƙori ya duba bakinsa kafin komai, don ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori na iya sauka a kan sabon bawul. Yana da turame biyu da suka daɗe suna damunsa, da kanumfari yake lallaɓa su. Kuɗin kuwa har yanzu da sauran tafiya, mun kira taron 'yan uwa ranar Lahadi.

Ustaz, ina jiran amsar maganar saniyar, don na san gobe da asuba ita zai fara tambayata.